Sawun Kinue a Ɗakin Baƙi

Iyaye mata a ƙauyukan kwarin nan sun mayar da sunan Kinue bulala. Duk yarinyar da ta taka dokin ƙofa sai a ce mata, "Kinue za ki zama? Amaryar da ta shiga ɗakin baƙi da takalmi aka zubar mata da haƙori?" Rabin labarin ke nan, rabin labari kuwa ya fi ƙarya ɓarna. Haƙori ya zube, ba a musu. Amma ba rashin tarbiyya ne ya shigar da ita ɗakin ba.

Kinue 'yar masunta ce. A masaƙar siliki take aiki lokacin da Kosaku, ɗan fari a gidan Aramaki, ya gan ta, ya rantse ba shi da mata sai ita. Shekara biyu yana fama da mahaifinsa, tsoho Tsunekichi, kafin ya yarda a kawo ta, shi ma da sharaɗi: ba zai buga hatiminsa a shigar da sunanta rajistar gida ba sai ta shekara, an ga ko ta dace. Matar da ba ta cikin rajista kuwa, miƙa mata ƙullin kayanta ya isa saki.

Gwaggo Tome, ƙanwar tsohon, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyar Kosaku. Ba ta rabuwa da sandar gora ta awon yadi.

"Ke 'yar masunta! Me ke ƙarƙashin ƙafarki?"

Kinue ta dubi ƙasa. Ɗan yatsanta ya hau baƙin ƙyallen da aka yi wa tabarma baki da shi, inda aka saƙa tambarin gidan.

Tas! Sandar ta sauka a idon sawunta.

"Tambarin kakanninmu ne, ba kwandon kifi ba! Dokin ƙofa kan maigida ne, bakin tabarma fuskar magabata. Sau nawa zan faɗa?"

"Na tuba, Gwaggo."

"Tuba a tsaye? Haka ake yi a cikin jirgin ubanki?"

Kinue ta durƙusa, ta haɗa tafukanta a ƙasa, ta ɗora goshi. Sandar ta sake sauka a gadon bayanta har sau biyu.

Da rana Kosaku ya same ta a bayan rumbun shinkafa tana shafa ƙanƙara a sawun. Ya kama hannunta, idonsa ya yi ja.

"Kinue, mu tafi Tokyo. Ko dako zan yi in ciyar da ke."

"Ka yi dako? Kai da buhu ɗaya ke kayar da kai?" Ta yi dariya tana share hawaye. "Saura wata ɗaya, maigida. In na gudu da kai, har mu mutu sunana wadda ta sace ɗan mutane. Ni ta ƙofa nake son shiga."

Aikinta na kowace yamma shi ne hura wutar wanka. Tukunyar wankan ƙatuwa ce ta ƙarfe, mutum kan zauna a cikinta ruwa har wuya, an gina ta cikin bango, murhunta yana waje a bayan gida. Maigida ke fara shiga, sai maza, sai Gwaggo. Amarya ce ta ƙarshe, lokacin da ruwan ya huce ya yi duhu. Mai hura wuta kan tambaya ta 'yar taga, "Yaya zafin ruwan?" wanda ke ciki ya amsa. Tsoho Tsunekichi bai taɓa ce wa Kinue uffan ba. Bokitin katako yake bugawa a ƙasa: uku, a ƙara itace, biyu, ya isa. Wata goma sha ɗaya, wannan ce kaɗai hirarta da surukinta, kuma ba wanda ya san da ita.

Ranar addu'ar shekara bakwai da rasuwar mahaifiyar Kosaku, dangi suka cika ɗakin baƙi. An dawo daga makabarta cikin ƙanƙara, an ci, an sha giyar shinkafa. Tsohon ya sha fiye da yadda ya saba, sannan ya tashi ya shiga wanka tun rana ba ta faɗi ba.

Kinue na durƙushe gaban murhu, ƙafafunta cikin takalmin ciyawa ɗaure da igiya har ƙwauri.

"Baba, yaya zafin ruwan?"

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ta ƙara itace. Da ta sake tambaya, uku ya sake bugawa. Ta san ruwan ya riga ya yi zafi, amma ta jefa ƙaramin ice ɗaya. Jim kaɗan ta kuma ɗaga murya.

"Baba, yaya zafin ruwan?"

Shiru.

"Baba?"

Ba uku, ba biyu, ba ko motsin ruwa. Ruwa ba ya tsami banza. Ta janye itacen daga wuta da hannu, ta ƙwala kira, amma hayaniyar mashaya ta haɗiye muryarta. Hanyar da aka yarda mata ita ce ta zagaye rumbu cikin ƙanƙara mai kai gwiwa, ta shiga ta ƙofar kicin, ta kwance takalmi, ta wanke ƙafa. Gajeriyar hanya kuwa ta ratsa tsakiyar ɗakin baƙi. Ta ja igiyar takalmin; ta daskare kamar waya. Ta san abin da za a yi mata. Ta san saura wata ɗaya. Ta haura baranda, ta fizge ƙofa.

Ta taka dokin ƙofa. Ta taka bakin tabarma. Toka da taɓo suka bi sawunta ta gaban akwatin tunawa da magabata inda turare ke ci, gefen rigarta ya kifar da faranti.

"Baba! Baba yana cikin—"

Baffa Gonpei, ƙanen tsohon, bai bari ta ƙarasa ba. Ya tashi ya dunƙule hannu ya kai mata a baki. Ta faɗi kan ƙofar takarda, ta ɓarke da ita. Jini ya cika mata baki, ta tofar da haƙori a kan tabarma.

"Jaka! A ranar matattunmu?"

Ya cafko gashinta, Gwaggo ta hau ta da sanda ta ko'ina. Kinue ta gantsara wa Baffan cizo a hannu, ta bar masa gashi cike da tafi, ta rarrafa, ta miƙe, ta ruga ta daki ƙofar wanka da kafaɗa.

Tsohon ya zame cikin tukunya, ruwa ya rufe masa hanci. Ta tsoma hannayenta har kafaɗa cikin ruwan da ke neman tafasa, ta riƙo shi ta hammata ta ɗago kansa. Sai ga Kosaku a bayanta. Tare suka fito da shi suka kifa shi, ya amayar da ruwa, ya ja numfashi da gurnani, amma bai buɗe ido ba.

Mai hankali zai zaci nan dukan ya ƙare. Bai ƙare ba. Mutanen da suka ji kunya sun fi kowa neman wanda za su ɗora wa laifi.

"Ita ta dafa shi!" in ji Gwaggo. "Wa ke hura wutar? So take ya mutu Kosaku ya gaji hatimi!"

Baffa Gonpei ya ja Kinue a ƙasa har zauren shiga, ya wurga ta daga kan dakali zuwa daɓen da ake cire takalma, ya ɗauki kwalbar giya ya ɗaga. Kosaku ya faɗa kanta ya rufe ta da jikinsa. Kwalbar ta fashe a girarsa.

"Matsa, ɗan banza!"

"Ba zan ɗaga maka hannu ba, Baffa, ƙanen ubana ne kai," in ji Kosaku, jini na zuba cikin idonsa. "Amma sai ka gama da ni kafin ka kai gare ta."

Gwaggo ta jefo ƙullin kayan Kinue. "Ga naki. Hanyar teku a buɗe take."

"Tashi mu tafi," in ji Kosaku.

Kinue ta girgiza kai. Maganarta ba ta fita sosai saboda kumburin baki. "Koma wajen Baba. Shi ya ce a kawo ni, shi zai ce in tafi. Gwaggo, ba zan hau muku tabarma ba. Nan zan jira."

A wannan daɓen ta zauna, tsakanin takalman baƙi, ba ciki ba waje ba, hannayenta duk sun saluɓe. Kwana biyu. Kosaku na kawo mata ruwan shinkafa yana ɗura mata da cokali, Gwaggo na wucewa tana tsaki.

A rana ta uku da hantsi tsohon ya farfaɗo. Gwaggo ta riga kowa zuwa kunnensa: yarinyar ta cika wuta da gangan, ta shiga ɗakin baƙi da takalmi, ta ciji Gonpei. Tsohon ya saurara har ta gama, sannan ya ce a tallafe shi zuwa ɗakin baƙi. Can ya tarar da mai gyaran tabarma ya zo zai ɗage wadda ta ɓaci: sawu huɗu na toka, da tabon jini.

"Bar ta."

Ya sa aka kai shi zaure. Ya daɗe yana kallon hannayen Kinue.

"Tome, in na buga bokiti uku, me nake nufi?"

"Wane bokiti kuma, Yaya?"

"Gonpei?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Tsohon ya juya, karo na farko a wata goma sha ɗaya ya dubi surukarsa a ido.

"Ke fa?"

"A ƙara itace, Baba."

"Ran nan sau nawa na buga?"

"Uku, sau biyu. Daga nan ban sake jin komai ba."

"Kun ji. Ni na nemi wutar, giya na kaina. Mutum talatin a ɗaki, jinina ne dukansu, ba wanda ya ji shiruna sai wadda na ƙi yi wa magana." Ya nuna dokin ƙofa. "Tun ina yaro ake ce mini dokin ƙofa kan maigida ne. To, ta taka na katako ta ciro na gaske daga ruwa. Ku da kuka tsare katakon, da yanzu an ƙona gawata kuna tsintar ƙasusuwana a toka. Tome, miƙo sandar."

Ya karya ta a gwiwa duk da rashin ƙarfinsa. Ya ce wa Gonpei kada ya sake ƙetare ƙofar gidan sai ya durƙusa a wannan daɓen ya ɗora goshi gaban Kinue. Baffa ya yi, yana huci. A ranar Kosaku ya tafi ofishin gari da takardar shigar da Kinue rajista, jan hatimin bai gama bushewa ba.

Da hannayenta suka warke, wata yamma tsohon ya ce ita za ta fara wanka. Kinue ta shiga ruwan da ba wanda ya taɓa, mai haske har ana ganin ƙasan tukunya. Ta ji tari a bayan bango, da ƙarar ice ana turawa cikin murhu ba tare da gwaninta ba.

"Kinue," in ji muryar surukinta ta 'yar taga, "yaya zafin ruwan?"

Ta lalubo bokiti ta buga sau biyu.

"A'a, 'yata," in ji shi. "Da baki za ki amsa mini."

Tabarmar nan ta shekara arba'in a ɗakin baƙi, da sawunta da jininta. Kinue ta zama uwar gidan, ta fi Gwaggo Tome tsanani a kan dokin ƙofa, amma ba ta taɓa ɗaga wa matar ɗanta hannu ba.

Ba a kafa ladabin gida don tabarma ba, don mutanen da ke zaune a kanta aka kafa shi. Wanda ya haƙura ya kiyaye shi wata da watanni, shi ne ke gane ranar da ya wajaba a taka shi. Saboda haka ku ci gaba da cire takalmi a bakin ƙofa, ku tsallake dokin ƙofa kamar yadda aka koya muku. Amma in kuka ga mai ladabi ya shigo muku a guje da takalmi, ku tambaye shi abin da ya faru kafin ku ɗaga hannu.