Kwalekwalen Alhaji Labbo

An gano motar marigayi Alhaji Labbo ranar Litinin a wata gona a Karakkai, lulluɓe da karan dawa. Wanda ya ɗauke ta yana hannu. Sufeto Tajuddeen ne ya yi binciken.

Motar ƙirar Ingila ce, koriya, ta haura shekara hamsin. Kujera biyu gare ta, ba ta da rufi, wanda ya zauna ciki yana iya taɓa kwalta da hannu. Mutanen Tudun Wadar Gusau suna ce mata Kwalekwale. Ta ɓace ranar Juma'a, maza suna masallaci, wata biyu bayan rasuwar mai ita.

Kabiru, babban ɗan marigayin, shi ya kai ƙara.

"Ina makullin?" in ji Sufeto.

"Ga shi a aljihuna."

"Me kuka yi niyyar yi da motar?"

"Ajiye ta za mu yi, don tunawa da Baba."

Sufeto ya tsuguna a bakin ƙofar gida. Sawun taya ya haye kwatar a karkace, ƙasan motar bai ko gogi siminti ba. Sai wanda ya san ta zai fitar da ita haka. Sakatar ƙofar kuma daga ciki aka zare ta.

Hajiya Wasila, matar marigayin, tana takaba. Daga bayan labule ta amsa.

"Ban ji komi ba, ɗana."

"Ko ƙarar inji?"

"Ai ba sai an tashe ta ba. Mutum guda na iya tura ta."

Daga nan ta koma cikin ɗaki.

A bangon garejin gidan an rubuta lambar waya da gawayi. Lambar ta kai Sufeto garin Tsafe, wurin Yazid mai sayen tsoffin ƙarafa.

"Ajiyewa? Shi Kabirun ya ce haka?" Yazid ya yi dariya. "Ranka shi daɗe, magada tara ne, mota ba ta rabuwa tara. Sun sayar mini a kilo, Asabar zan ɗauko in yanka. Kuma ba nauyi, na kama bayanta na ɗaga. Tsohon makanikensu saura kaɗan ya mare ni."

Makaniken shi ne Malam Ɗanlami, mai shekara kusan saba'in. Sufeto ya same shi a garejinsa a Gusau.

"Ina kake ranar Juma'a, Baba?"

"Masallaci. Sahun gaba."

Rigarsa da wandonsa duk baƙin mai ne. Hular kansa sabuwa ce fil.

Amsar ta fito daga shingen 'yan sanda na hanyar Bunguɗu. Kofur Haliru ya ce ya ga motar wajen ƙarfe biyu.

"Wani tsoho ne, yallaɓai, yana ta murmushi shi kaɗai. Iska ta tuge masa hula, bai ko waiwaya ba."

Ya miƙo hular. Ta yi baƙi ƙirin da man inji.

Da aka ajiye ta gaban Ɗanlami, ya daɗe yana kallon ta.

"Shekara talatin da takwas ina ƙarƙashin motag ga," ya ce. "Ban taɓa wuce ƙarshen layi da ita ba. Alhaji in zai shiga, cire hula yakan yi ya danne da cinya. Ban taɓa tambayar dalili ba."

"Kai ka ɗauke ta?"

"Ni ne. Yanka ta za su yi, yallaɓai. Lafiyarta ƙalau."

"Wa ya zare maka sakata?"

"A buɗe na tarar."

Sau uku aka maimaita tambayar, amsar ba ta canza ba.

Shi ya kai su Karakkai, gonar ƙanensa. Babu motar ja, don haka Sufeto ya zauna a mazaunin direba, aka sa Ɗanlami gefensa da ankwa, motar 'yan sanda tana biye.

"Cire hularka, yallaɓai," in ji tsohon.

Sufeto ya cire, ya danne da cinya.

Shekara ashirin yana tuƙa manyan motocin aiki, bai taɓa jin irin wannan ba. Sitiyarin ɗan ƙarami ne, da ya motsa yatsa sai motar ta bi. Kowace tsakuwa yana jin ta a tafin hannu. Giya tana shiga da ɗan ƙas. Allura tana kan saba'in, amma gonakin gero suna wucewa kamar yana ɗari da hamsin.

"Kar ka taka birki a kwanag ga. Sauke giya, ka bar ta."

Ya sauke. Motar ta kwanta cikin kwanar ta fito sumul, injin yana kuka a bayan kunnensa. Sufeto ya ji kansa yana dariya. Da ya juyo, idonsa ya sauka kan ankwar.

Sun shigo Gusau kafin la'asar. A ƙofar ofis Ɗanlami ya ce, "To, ka ji ta yanzu. Ba ka iya hana su?"

"Gadonsu ne, Baba. Ba ni da hurumi."

Tsohon ya shafa murfin injin da hannuwansa biyu a haɗe, aka shiga da shi ciki.

Motar tana harabar ofishin a matsayin shaida. Ruwa ya taru a kujerunta sau biyu kafin Sufeto ya kawo tamfol daga gidansa. A fayil ɗin, layin wanda ya zare sakata yana nan babu suna. Kabiru ya nemi kotu ta sakar wa magada kayansu, Yazid kuma yana bugo waya duk ranar Litinin. Alƙali bai sa rana ba tukuna.