Katunan Baba Obadiah

Ranar Asabar da hantsi Rebeka ta hau kujera tana ɗaura zare daga taga zuwa ƙofa a falonsu da ke Sabon Gari. Mahaifinta, Baba Obadiah, yana zaune yana ba da oda da hannu ɗayan da shanyewar ɓarin jiki ta bar masa.

"Na Malam Sambo a tsakiya, Rebeka! Shekara ashirin muka yi tare a tashar jirgi."

Al'adar gidan ce, duk katin Kirsimeti da ya zo sai an rataye shi. Baba kan ce Turawan reluwe ne suka koya musu, a da cikin buhun wasiƙu katuna ke zuwa daga Zariya da Kafanchan da Inugu, kuma amfaninsu ɗaya ne: mutum ya ce maka har yanzu kana ransa. Amma da ya kwanta ciwo, shekara biyu ko kati ɗaya bai zo ba, har abinci ya fita ransa. Bara kwatsam suka dawo. Bana har goma sha huɗu!

Rebeka kaɗai ta san sirrin. Saurayinta Chibuike, mai buga katuna a wani ɗan shago kusa da Bata, shi ya bi tsofaffin abokan Baba gida-gida, har Zariya, yana miƙa musu kati da biro. Ya roƙe ta kada ta faɗa, don kada Baba ya ji cewa sai da aka tuna wa mutane da shi. Bayan sabuwar shekara iyayensa za su zo neman aurenta.

Sai ga wanta, Yaya Jerry, daga Abuja, mutumin da ko kiran waya sai ya ga dama. Dama auren bai kwanta masa ba. Ya ciro kati ɗaya ya juya bayansa, ya ciro wani, ya tuntsire da dariya. Ashe Chibuike, bisa al'adar masu sana'arsa, ya buga hatimin shagonsa a bayan kowanne.

"Baba, an mayar da kai yaro! Duk fek ne — shago ɗaya! Wannan ɗan Ibon ne ya zauna ya rubuta don ya samu 'yarka. Wa zai tuna da kai? Me kake da shi yanzu?"

"Wallahi hannunsu ne, Yaya! Shi dai kai musu kawai ya—"

Tas! Ya ɗauke ta da mari. "Ashe da ke aka haɗa baki!"

Ya fizge zaren, ya fita tsakar gida inda ake suyar cincin, ya tura katunan cikin wuta. Baba yana kallo ta taga. Da ya buɗe baki, ko kallon Rebeka bai yi ba.

"Ki ce wa yaron nan kada ya sake tako min gida. Ke kuma na gode. Kin mayar da ni abin dariya."

Maganar nan ta fi marin yi mata ciwo. Jerry ya ci shinkafar Kirsimeti ya koma Abuja abinsa. Rebeka kuwa ta ci gaba da juya Baba, tana ba shi magani, tana gaishe shi ba ya amsawa, sai ta shiga kicin ta sha kukanta. Chibuike ya ce mata a waya, "Ki bi shi a hankali, mahaifinki ne. Zan jira."

Sati biyar ana haka, wata safiya a-daidaita-sahu ta tsaya a ƙofar gida. Wani tsoho ya shigo yana dogara sanda, Malam Sambo ne daga Kwaciri.

"Obadiah! Ashe kana da rai? A zamaninmu wa ke karɓar kati ya yi shiru? Na ce ko ka bi Zacchaeus ne."

"Zacchaeus?"

"Ba ka ji ba? Sati biyu ke nan da binne shi a Zariya. Yaron nan mai kati ya ce min awa guda ya yi yana rubuta maka layi uku, hannu na rawa. Ina katin? Bari in ga rubutunsa."

Baba ya rufe fuska da hannunsa mai lafiya, kuka ya ƙwace masa kamar ƙaramin yaro.

"Rebeka... 'yata, ki yafe min. Kira min yaron nan, yau ba gobe ba."

Bayan Ista aka ɗaura auren. Jerry bai zo ba, bai kuma taɓa ba da haƙuri ba. Haƙurin Rebeka ya ba ta mijin da take so, amma wanda ya yanke hukunci cikin fushi, ko ya gane gaskiya daga baya, akwai abin da ba zai dawo masa ba. Har Baba ya koma ga Ubangiji yana tambayar Rebeka ko ta tuna abin da Zacchaeus ya rubuta, ita kuwa ba ta kai ga karanta masa ba.