Mitar da Gershon Ya Ɗaura

Babur na goma sha ɗaya ke nan da aka kawo ƙarar satarsa a cikin watan. Sufeto Zubair bai ɗago kai ba da farko, sai da ya lura matar ba ta zauna ba, ba ta kuma yi kuka ba. Tana tsaye da makulli ɗaya a tafin hannu.

"Zauna, Madam. Sunanki?"

"Milka Gershon. Ana ce mini Maman Emilia."

"Yaushe aka ɗauke?"

"Jiya Lahadi, a coci. Na shiga sujada ƙarfe tara, na fito mashin ba ya nan."

"Takardu fa?"

"Suna ƙarƙashin sit, ranka ya daɗe. Nan maigida yake ajiyewa. Ban canja komai ba tun da ya rasu."

Sufeto ya ajiye biro, ya murza gwiwarsa mai ciwo. Ya san ƙarshen irin wannan fayil. Ko an ga babur, in ba takarda, wanda ke kai shi ne mai shi.

"Citta ya isa tono," in ji ta a hankali. "Gonan yana bayan Kagoro. In ba mashin, sai dai in bar wa ƙasa."

Ya ɗauki hularsa.

A harabar cocin, ƙarƙashin mangwaron da take ajiye babur ɗin, ya durƙusa da ƙyar ya duba ƙasa. Babu guntun waya, babu karyayyen ƙarfe. Mai gadi ya rantse ya ji an tayar da babur wajen ƙarfe goma, bugu ɗaya, amma shi yana can yana leƙen mawaƙa.

"Ba a fasa kan babur ɗin ba," in ji Sufeto. "Da makulli aka tafi da shi. Guda nawa ne?"

Milka ta kalli ƙasa. Sufeto bai sake tambaya ba. Shekara talatin a aiki sun koya masa jira.

"Biyu. Ɗayan yana aljihun maigida ranar da ya faɗi. Ƙanensa ne ya kwaso kayansa daga asibiti. Kumai. Yana Zonkwa." Ta ɗago da sauri. "Ban ce shi ne ba fa."

"Ba ki ce ba."

Ranar Laraba ya isa Zonkwa. A ƙofar gidan Kumai akwai babur shuɗi yana ƙyalli. Na Milka ja ne.

"Oga, nawa ne," in ji Kumai, tun ba a tambaye shi ba. "A Jos na saya, wata biyu ke nan. Ga rasit."

Sufeto ya gwada lambar inji da ta rasit. Sun yi daidai, sai dai bugun lambar ya karkace kaɗan. Ya shafa tankin, ya shinshina yatsansa. Wata biyu, amma fenti na wari.

"Ina kake ranar Lahadi?"

"Coci mana. Nan Zonkwa."

"Makullin yayanka fa?"

"Wane makulli? Wando da riga kawai aka ba ni."

A gefen kan babur ɗin akwai wata 'yar mita baƙa, ba ta fi akwatin ashana ba, irin mai nuna ƙarfin batir. Sufeto ya murɗa makulli. Fuskarta ba ta kawo komai ba.

"Ta mutu," in ji Kumai. "A mace na same ta. Kowane ɗan acaɓa yana da irinta, Oga."

Gaskiya ne. Kuma ba a tsare mutum saboda warin fenti. Sufeto ya sa aka kai babur ɗin ofis, ya ce Kumai ya zo washegari da rasit ɗinsa.

A hanyar dawowa ya tsaya bakin kasuwar Kafanchan, shagon Jamiluddeen mai gyaran wayoyin babura.

"Yaya ake ɗaura mitar batir?"

"Yallaɓai zai shiga sana'ar tamu ne bayan ritaya?" Jamiluddeen ya yi dariya, ya ɗauko ɗaya. "Waya biyu ce. Baƙar ka ɗaure ta a jikin ƙarfe. Jar ka haɗa da wayar da ke fitowa daga makulli. Kana murɗawa ta kawo. In ka kai ta kan batir kai tsaye, tana ci har ta shanye shi."

"Ka san Gershon, mijin Maman Emilia?"

Dariyar ta tsaya. "Allah sarki, Malam Gershon. A nan ya sayi tasa. Na ce in ɗaura masa, ya ce shi da ya koyar da kimiyya a firamare shekara ashirin, waya biyu ba za ta gagare shi ba. Bayan sati ya zo yana dariya, wai ya kama wayar da ba ita ba. Na ce kawo in gyara. Ya ce a'a, madam ta ce a bar ta haka."

"Wace waya ya kama?"

"Bai bari na duba ba. Kunya, ka gane."

Ranar Alhamis da hantsi suka tsaya a bayan ofis: Sufeto, da kofur ɗaya, da Kumai, da Milka, babur a tsakiya. Kumai bai gaishe ta ba.

"Wannan naki ne?"

Ta zagaya shi sau ɗaya. "An canja sit. An canja fenti."

"Kin gani ko?" in ji Kumai. "Matar yaya, ki ji tsoron Allah."

"Kumai, ka ce mitar nan a mace ka same ta?"

"Tun Jos, Oga. Ko sau ɗaya ba ta taɓa kawowa ba."

"Kofur, rubuta." Sufeto ya murɗa makulli, ya ja da baya. "Madam."

Milka ta sa babban yatsa ta tura maɓallin sigina zuwa hagu.

Fitilar hagu ta fara ƙiftawa. Mitar ma ta farka tare da ita, jajayen lambobi suna zuwa suna ɗaukewa: sha biyu da ɗigo huɗu.

"A wayan sigina ya haɗa," in ji ta, idonta na kan mitar. "Gidanmu yana hannun hagu. Kullum in zai juya ya shigo, nan yake gani ko batir yana lafiya. Na ce ya bari haka, ai ya isa."

Kofur ya kasa riƙe dariya. "Oga, kwana huɗu yana hawa, daga nan har Zonkwa, bai sa sigina ba ko sau ɗaya!"

"Wa ke sa sigina a garin nan?" Sufeto ya faɗa ba tare da murmushi ba. "Kumai, in kira mai buga lamba ya duba injin, ko ka rage mana wahala?"

Kumai ya zauna a kan dakali, ya riƙe kansa.

"Ni na ɗauka. Da makullin yaya. Takardun na ƙone." Ya ɗago ya dubi Milka. "Uwa ɗaya uba ɗaya muke. A gidanmu kayan namiji 'yan'uwa ke ɗauka. 'Ya mace ɗaya kika haifa masa. Ni kuma yara biyar, ba aiki."

"Da ka roƙa, Kumai."

"Na roƙa!"

"Ka ce in ba ka. Ba ka roƙa ba."

Kofur ya kama hannunsa. Bai yi gardama ba. Milka ta bi su da ido har suka shige bayan kanta, sannan ta tambayi Sufeto ko ana barin a kawo wa mutum abinci.

"Ana bari."

Ya sa ta sa hannu a takardar karɓa, bisa sharaɗin ta kawo babur ɗin ranar kotu. Ta gyara zani, ta hau, ta tayar da shi bugu ɗaya.

Sufeto ya raka ta da ido har bakin get. Titin fayau yake, ba mota, ba mutum. Duk da haka ta tsaya, ta sa siginar hagu, ta sunkuyar da kai ta dubi mitar, sannan ta juya.

Da ya koma ciki, wani mutum na zaune a benci, riƙe da makulli ɗaya.