Turaku a Gonar Habsatou

Hajiya Habsatou ta shigo ofishin 'yan sanda na Highbridge da takarda a hannu, idonta ya kumbura. Sufeto Tamimu, ɗan Kano ne da ya shekara ashirin a Bronx, can ƙasar Turawa, ya ja mata kujera.

"Sufeto, kotu za su kai ni. Wai na cuci gwamnati."

Marigayi mijinta ya bar mata 'yar gona can ƙauye, tafiyar awa uku daga birni. Gwamnati na biyanta duk shekara don ta bar ciyawar bakin rafi ta huta, ba noma, ba kiwo. Yanzu jami'ai sun tarar an cinye ciyawar wurin ƙarƙaf, ga takardun shekara uku da sa hannunta cewa ba a taɓa ba. In ta tabbata, gonar ta tafi.

"Ni ban sa hannu ba, wallahi. Tun rasuwarsa ban taka can ba."

"Makullin ƙofar fa?"

"Ɗaya na wurin Dikko direba, ɗaya na wurin Mahamudu, ƙanin mijina. Shi ke karanta mini takardu."

Tausayinta ya kama Tamimu, abin da ba ya so a bakin aiki.

Dikko ya rantse har da dafa kai cewa bai je gonar ba. Makullinsa ma ya yi tsatsa a aljihun mota.

Washegari Tamimu ya isa gonar. Ƙasa tsirara, kashin tumaki ko'ina. Ya yi tuntuɓe da wani abu, ya duƙa. Turke ne, da guntun igiya. Ya ƙirga har arba'in, ga kuma burbushin kanwa a tsohon kwano. Manoman nan shinge suke yi, ba sa ɗaure dabba a turke.

Wata tsohuwar Baturiya, maƙwabciyar gonar, ta ce, "Babbar mota na kawo raguna duk shekara. Abin mamaki, kowace shekara sai ta riga ta bara da kwana goma sha ɗaya."

Tamimu bai buƙaci kalanda ba. Babbar Sallah ce.

Ya sami Mahamudu a shagonsa na nama a titi na 116, Habsatou na biye da shi.

"Ina kake ajiye ragunan Layya?"

"Ni? Ranar jajibere ake kawo mini su, direct."

"To me ya sa masu sayenka ke cewa sun fi na kowa ƙiba, don wata biyu kake kiwonsu da kanka?"

Mahamudu ya ajiye wuƙa. Tamimu ya shimfiɗa takardun gwamnati kusa da rasidin shagon. Hannu ɗaya ne ya rubuta su.

"Sufeto, ciyawa har ƙugu, ba mai ci!" in ji Mahamudu. "A garinmu wa ke barin gonar ɗan'uwansa haka? Da wasiƙun gargaɗi suka zo, tsoro ya kama ni, na ɓoye. Ni na sa hannun."

Tamimu ya ciro ankwa, ransa ba daɗi. Gonar ta tsira, amma gidan ya fashe.

Habsatou ta matso a hankali.

"Mahamudu, ragon da ka ba ni bara, wanda na yi wa yayanka sadaka da shi, daga can yake?"

Bai ɗago kai ba har aka sa shi a mota.