Dariyar da Ta Cinye Sakamakon Jarrabawa

A wani gari an yi wani mai gyaran kwamfuta. Gwani ne, amma bakinsa ya fi hannunsa aiki. Kullum rumfarsa cike take da maza abokan sana'a.

Wata rana shugaban makaranta ya kawo masa kwamfutar da ta ƙi tashi, ga sakamakon jarrabawar yara duk a cikinta. Gwani ya taɓa nan, ya taɓa can, shiru.

Ana haka sai ga wata mata ta zo sayen caja. Ita ma gyaran take yi a gidanta. Ta yi sallama, ba wanda ya amsa. Ta leƙa ta ce, "Malam, sai an goge komai an sake ɗora manhaja, amma kafin nan..."

Gwani ya ce, "Hajiya, an ce miki tukunyar miya ce?"

Rumfa ta kaure da dariya. Ta ƙarasa maganarta, dariya ta danne. Ta maimaita, dariya ta danne.

Can wani ƙato ya gyara murya ya ce, "Ni a ganina a goge komai, a sake ɗora manhaja."

Gwani ya ce, "Yawwa, maganar maza!" Nan take ya goge.

Kwamfuta kuwa ta tashi fes, babu sakamakon yaro ko ɗaya. Shugaban makaranta ya yi salati, ya shaƙe wuyan rigar gwani.

Matar ta ce, "Ai da an fara kwashe sakamakon tukuna."

Gwani ya ce, "Haba Hajiya, don Allah me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Sau biyu na faɗa, Malam. Haƙoranka ne a buɗe, ba kunnuwanka ba."