Wayar Ɗakin Famfo

Da safe Injiniya ta kai ƙara caji ofis cewa an sace akwatin na'ura a gidan ruwa. Kafin azahar an kulle maigadi.

Insfekta ya je da kansa, tare da Saje. Ɗakin famfo dogo ne, sai warin man inji da danshi. Kujera ɗaya ce a ciki, da tebur, da tsohuwar wayar tarho. Komai ya yi maiƙo, ban da wayar. Ita ƙyalli take yi.

"Mene ne aikin akwatin?" ya tambayi Injiniya.

"Yallaɓai, famfunan nan cin wuta gare su. Da rana wuta na da yawa, sai mu cika tankuna. Da magariba kowa ya kunna kayansa, dole mu kashe don kada wutar gari ta ɗauke. Da can wata ma'aikaciyar kamfanin wuta ke bugo waya, Baba mai famfo ya kashe da hannu. Yanzu akwatin ke yi da kansa."

"Jiya fa?"

"Akwatin bai amsa ba, sai suka bugo waya kamar da."

Insfekta ya duba bango. Ba a fizge wayoyin akwatin ba. An kwance su a hankali, an naɗe bakin kowace da salatif.

Saje ya yi dariya. "Oga, wannan ɓarawon ya samu tarbiyya."

Suka koma caji ofis, suka sami maigadi a bayan kanta, idonsa ya yi ja.

"Wallahi ba wanda ya fita da kaya, ranka ya daɗe. Tun safe yarana ba su san inda nake ba."

"Me ka ji jiya?"

"Dariyar Baba kawai, yana waya. Har na yi mamaki. Tun da aka kawo akwatin nan bakinsa ya mutu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa duk sun yi nisa."

Insfekta shi ma ba mai jiransa a gida.

Da yamma ya koma ɗakin famfo. Baba na zaune a kujerar, ya tasa wayar a gaba.

"Baba, sannu da aiki. Jiya ka kashe da hannu, ba ka lura babu akwati ba?"

"Idona ya yi rauni, ɗana."

"Amma ya ga bakin waya ya naɗe."

"Ni ban taɓa komai ba."

"Shi ke nan. Gobe maigadi zai je kotu."

Baba ya ɗago da sauri. "Kotu? Bawan Allahn nan?"

Ya miƙe da ƙyar, ya buɗe kabad ɗin kayan aiki. Ga akwatin nan a naɗe cikin tawul.

"Ba sayarwa zan yi ba," in ji shi. "Yarinyar nan ta kamfanin wuta, ban taɓa ganin fuskarta ba. Kullum sai ta ce, 'Baba, ya ƙafa? Ka ci abinci?' kafin ta ce a kashe. Duk yini ita kaɗai ke kira na Baba da gaske. Akwatin nan ba ya gaisuwa."

Saje ya ciro ankwa. Insfekta ya girgiza masa kai.

"Je ka a saki maigadi."

Sun kai bakin ƙofa sai wayar ta fara ƙara. Baba ya tsaya, ya dubi Insfekta.

"Ɗauka mana," in ji Insfekta.

Baba ya goge hannunsa a riga, ya ɗauka.

"Lafiya lau, 'yata. Ƙafa da sauƙi. To, yanzu zan kashe." Ya dubi akwatin. "Gobe kada ki wahalar da kanki, an ga akwatin."

Ya kashe famfunan ɗaya bayan ɗaya, ɗakin ya yi tsit. Sannan ya ɗauki hularsa, ya bi Insfekta zuwa mota.