Ƙofar da Ba Ta San Inna Kande Ba

Ƙarfe goma na safe Tsarau ta kulle ƙofofin matatar ruwan Sabuwar Gwarjo, ta haska wa kowane ma'aikaci aikinsa a allon bango. Na'ura ce da aka girka a shekarar 2088 bayan an rushe kwamitin dattawan ma'aikata, wai sun cika duba fuska. Ita kam ba ta da fuskar da za ta duba, ba ta da kunnen jin magiya. Dokoki dubu huɗu aka ɗura mata, an kuwa ɗura su da kyau.

Bayan an kulle ƙofofin ne saƙo ya iske Barau, mai kula da injin tace ruwa, cewa Inna Kande ta rasu, jana'iza bayan azahar. Ita ta riƙe shi tun yana wata biyar.

Ya je gaban allon. "Uwata ta rasu, ina neman izini."

"Rajista ta nuna mahaifiyarka ta rasu shekara arba'in da suka wuce," in ji Tsarau. "Marigayiyar maƙwabciya ce. Ba a fita don maƙwabta."

Malam Jatau, abokin aikinsa, ya ajiye sifana. "Ni zan riƙe masa injin. Haka muke yi tun kafin a ƙera ki."

"Musanyar aiki na buƙatar sanarwar kwana uku."

"Mutuwar ce za ta ba da sanarwa?" Jatau ya tambaya.

Aka kira manaja, Injiniya Asabe, wadda ta yi ta fafutuka har aka kawo na'urar. Ta danna nan, ta danna can, ƙofa ta ƙi buɗewa. Abin takaici, da hannunta ta cire wa manaja ikon buɗe ƙofa, don kada wani ya yi son kai.

"Ka yi haƙuri, Malam Barau," ta ce, idonta a ƙasa. "Da kwamitin nan yana nan..."

"Da tuni ina can, ranki ya daɗe."

Ƙarfe huɗu, lokacin tashi daga aiki, ƙofa ta buɗe. Barau ya hau jirgin-titi zuwa maƙabarta, ya tarar ƙasa ta fara bushewa. Wani dattijon unguwa ya dube shi ya ce, "Mun jira ka har rana ta karkata. Kai ta ce ka saka ta a kabari."

Yana durƙushe agogon hannunsa ya yi ƙara. Tsarau ce, tana taya ma'aikata murna: yau ba a yi asarar ko minti ɗaya ba.